Ba a Leƙa Akwati

Mijina ya yi sama da shekara talatin yana auna hasken abu guda, ni kuwa ban taɓa ganin abin ba sai a hoto. Wani ɗigo ne fari a tsakiyar wasu ɗigogi farare. Ranar da ya fara nuna min, muna sabon aure, na ce masa wannan ai kashin ƙuda ne a jikin gilashi. Bai ji haushi ba. Malam ba ya jin haushi, kuma duk cikin halayensa babu wanda ya kai wannan ba ni haushi.

Ɗigon nan, in ji shi, ba tauraro ba ne. Tarin taurari ne da ba sa ƙirguwa, can nesa inda hankali ba ya kaiwa, kuma a tsakiyarsu akwai wani baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya matso kusa da shi. Kafin abu ya faɗa ciki yakan ɗauki zafi ya yi haske, wani kuma a feso shi waje da ƙarfi, kuma feshin wannan ramin wajenmu ya saito. Shi ya sa haskensa ba ya zama wuri ɗaya. Wata shekara ya yi sama, wata shekara ya dusashe, wani lokaci cikin mako guda ya juya. A takarda yana da suna mai lambobi irin na mota. A gidanmu kuwa mace ce, sunanta Ƙiftau.

Jami'ar da yake koyarwa tana da na'urar hangen nesa a kan wani tudu bayan gari, can yake kwana duk ranar da sama ta yi garau. Ni kuma ma'aikaciyar jinya ce, don haka rabin aurenmu a bakin ƙofa muka yi shi, yana shigowa ina fita. Zai miƙo min makulli ya ce, “Sista, Ƙiftau ta tashi,” ko ya ce ta kwanta, ni kuma in ce masa shayi na kan tebur kuma yaro na fama da tari. Ya rasa bukukuwan 'yan uwana ba adadi saboda ita. Na yi mita har na gaji, daga baya na koma tambayar lafiyarta kamar maƙwabciya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yayyen Auta duk sun kama sana'o'in da mutum zai iya yi wa dangi bayani, ita kuwa sai ta bi sahun ubanta, ta ma fi shi nisa. Ita ba ta ko kallon sama. Tana cikin wata babbar tawaga da ke farautar wasu ƙananan abubuwa da ake kira nutirino, waɗanda ke ratsa bango da jikin mutum da duniyar kanta ba tare da sun taɓa komai ba. Sai can ba a rasa ba ɗaya yake cin karo da wani abu a cikin ƙanƙara mai zurfi inda suka binne na'urorinsu, ya yi ɗan walƙiya, su kuma su rubuta lokacin da ya zo da ɓangaren da ya fito. A cikin shekaru, wasu 'yan ƙalilan masu ƙarfi sun fito daga wajejen Ƙiftau.

Tambayar mai sauƙi ce, har ni na gane ta: shin suna zuwa ne a lokacin da haskenta ya tashi? In haka ne, to an gano inda ake haifar su. Kuma babu wanda ke da awon haskenta mai tsawo kamar na Malam. Haka aikin uba da na 'ya suka haɗu bayan ya yi ritaya, ya koma kamar yaron da aka saya wa keke.

Sai dai mutanen nan suna da wata ƙa'ida. Ainihin lokutan da nutirinon suka zo a kulle suke a kwamfuta, wurin da suke kira akwati. Wanda zai yi lissafi ba ya ganin su. Lokutan bogi ake ba shi, waɗanda aka cakuɗa da gangan, da su zai gina hanyar lissafinsa ya gwada ta. Sai kwamiti ya duba ya yarda babu sauran gyara, sannan a sa rana a buɗe akwatin sau ɗaya tak, duk abin da ya fito shi ke nan. Malam ya ce dalili shi ne ido yana ganin abin da zuciya ke so, kuma wanda ya riga ya leƙa amsa hannunsa zai karkata ko bai yi niyya ba. Na ce masa wato dai ba su yarda da kansu ba. Ya ce yawwa, ashe na fahimta.

An sa ranar buɗewa ke nan ƙafafunsa suka fara kumbura. Ba sai an faɗa min ba, na yi shekaru ina danna irin wannan kumburin da yatsa ina kallon ramin da yake bari. Zuciya ce ta gaji. Likitan da ke duba shi, wanda a hannuna ya koyi sa allurar ruwa lokacin yana sabon zuwa, ya ja ni gefe ya fara kewaye-kewaye. Na ce ya daina yi min wannan, ni ba baƙuwa ba ce. Ya sunkuyar da kai ya ce makonni ne, in Allah ya yi jinkiri wata biyu. Na lissafa a raina, na ga ranar tana ciki, amma da ƙyar.

Auta ta dawo gida da jakarta da kwamfutarta, ta mamaye teburin cin abinci. Muka sauko da gadonsa falo, kusa da taga, muka jingina shi da filo uku domin ba ya iya kwanciya a miƙe. A bangon da ke fuskantarsa akwai wani zane a cikin firam, layi mai hawa da sauka, da wani tsini guda da ya yi sama ya bar sauran. Wannan ita ce shekarar da Ƙiftau ta yi babban tashinta, shekarar da sunan Malam ya fita, har aka riƙa gayyatarsa yin jawabi. Sauran mata suna rataye hoton aure a falo, ni wannan na yi shekaru ina gogewa.

Ya ce Auta ta buga masa hanyar lissafin nata da manyan haruffa. Na hana, na ce ya huta, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Yana karanta shafi ɗaya ya yi barci, ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa ya ajiye takardun a kan ƙirjinsa, ya daɗe yana kallon zanen bango, sannan ya ce in kira ta. Ta zo da kofi a hannu. Ya tambaye ta yadda ta ɗauki awon babbar shekarar, ta ce kamar yadda ya wallafa shi. Sai ya yi mata bayani, yana tsayawa yana jan numfashi. A farkon shekarar nan gilashin da ke tace haske a bakin na'urar ya tsage, aka sa wani. Sabon ya fi barin shuɗin haske ya wuce, Ƙiftau kuma ta fi taurarin da ake gwada ta da su shuɗi, saboda haka za ta fito da haske fiye da yadda take. A lokacin ya yi gyara da ƙiyasi, kuma gyaran ya isa abin da ake buƙata a wancan zamani. Amma lissafin Auta ya ɗora nauyi mai yawa a kan wannan tsinin. Sai an nemo gilasan biyu an auna su, an sake lissafin shekarar daga tushe.

Auta ta ajiye kofin a ƙasa. Ta ce masa in ta faɗa wa kwamiti za su ɗage ranar. Ya tambaya zuwa yaushe. Ta ce sai an gama awon, sannan a sake dubawa daga farko, watanni ne.

“To ki faɗa musu yau,” in ji shi.

Babu wanda ya san wannan magana a duniya sai shi. Wanda ya sa gilashin ya daɗe da rasuwa. Da ya yi shiru, da ba a taɓa ji ba. Na saki ƙafarsa na miƙe, na ce masa ya san abin da likita ya ce kuwa? Ya ce ya sani, ba kurma ba ne, kuma bangon asibitin nan ba shi da kauri. Na yi masa tatas. Na ce shekara da shekaru yana ajiye da zancen gilashi, sai yanzu ya ga damar tunawa? Na ce mutum ya yi noma har amfani ya nuna, sannan ya ce shi ba zai ga girbi ba saboda akwai wata kunya da ta karkace? Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya roƙe ni in gyara masa filo.

Ta faɗa musu, suka gode mata, suka ɗage.

Na ritsa ta a kicin da yamma tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Na tambaye ta ko tana da kalmar sirrin akwatin. Ta ce tana da ita, duk mai irin matsayinta yana da ita, amana ce kawai ke tsare da shi. Na ce to wa zai sani in ta leƙa? Ta ce ita. Na ce mata ubanta ne, ba kwamiti ne ya goya ta ba, ba kwamiti ne ya zauna da ita a asibiti lokacin da ta karye a hannu ba. Na faɗi maganganu masu nauyi, na san inda zan taɓa ta kuma na taɓa. Ban bar ta ba sai da ta ɗauki kwamfutar tana hawaye ta bi ni falo.

Ta zauna a gefen gadon ta buɗe, ta ce, “Baba, minti biyu ne. Ba zan faɗa wa kowa ba, kuma ba zan canja komai a lissafin ba.”

Ya dube ta, ya dube ni, ya gane wanda ya kitsa. Sai ya ɗaga hannunsa da ya kumbura har zobe ya nutse a ciki, ya rufe kwamfutar a hankali, ya bar hannun a kai.

“Za ki canja,” in ji shi. “Ba da gangan ba. Za ki je ki auna gilashin nan kina sane da amsar da kike so ya bayar. Daga nan kuma har ki tsufa ba za ki san ko gaskiya kika samo ba. Ni 'yan makonni zan yi ban sani ba. Ke fa?”

Ta kifa kanta a kan hannunsa. Ni kuwa na koma kicin na yi ta buga tukwane, don a san ban yarda ba.

A ranar na yanke shawarata ni kaɗai. Duk ranar da na ga alamar tafiya ta zo, ko an buɗe ko ba a buɗe ba, zan sunkuya in ce masa an duba kuma ya dace, nutirino suna zuwa daidai lokacin da Ƙiftau ta tashi. Ban ga laifin hakan ba. Na yi aikin jinya, na sha gaya wa mutum ɗansa na hanya alhali na san ba ya hanya, na ga yadda fuska ke sakewa. Su ƙa'idarsu ta masu lafiya ce. Har jimlar na shirya, ina maimaita ta in ina shanya.

Auta ta hau tudun, ta yi kwanaki tana birkita kabad-kabad na tsohon ɗakin ajiya, ta samo gilasan biyu a naɗe cikin tsumma, tsagaggen da magajinsa. Ta auna, ta sake lissafi. Tsinin da ya yi wa Malam suna ya ragu kusan rabi. Ta zo tana jin nauyin faɗa masa, shi kuwa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe rabin jawaban da ya yi wa mutane gilashi ne ya yi su. Ya sa ta buga sabon zanen ta sa a firam ɗin a madadin tsohon. Bangon ya koma wani iri a idona, kamar an rage wa ɗakin tsawo.

Wata biyun likita suka wuce. Ya zo duba shi ya fita yana girgiza kai, na ce masa bai san taurin kan mutumin nan ba ne. Amma taurin kai ba ya hana jiki ƙarewa. Ya daina sauka daga gado, aka kawo tukunyar iskar numfashi, cokali uku ya zama abincin kirki. Wasu ranakun yana tare da mu sarai, har ya tsokane ni cewa hannuna ya fi na ma'aikatan yanzu zafi. Wasu ranakun kuma sai dai in zauna ina kallon bargon ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka. Sau biyu na sunkuya da jimlata a baki, sau biyu yana buɗe ido ya tambaye ni ko kwamiti ya ce wani abu, in haɗiye. Ina tsoro ƙwarai, kuma ina jin haushinsa, kuma ban taɓa son sa kamar a watannin nan ba.

Ranar ta zo yana raye. Da azahar aka yi, domin mutanen tawagar a warwatse suke a duniya, ta kwamfuta suke haɗuwa. Auta ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Shi tun safe yake barci mai nauyi, leɓɓansa sun canja launi. Na rasa inda zan tsaya, sai na tsaya a tsakani, a lungun da ke raba ɗakin da falo, ina jin muryoyi ta ƙofa ba na gane abin da suke cewa. Can aka yi shiru.

Da ta fito ba sai ta yi magana ba, amma ta yi. Babu komai. Nutirinon sun zo a warwatse, wasu lokacin da Ƙiftau ke sama, wasu lokacin da take ƙasa, daidai yadda za su zo in babu ruwansu da ita. Ta jingina da bango ta zame har ƙasa. Ta ce ba za ta iya shiga ta faɗa masa ba. Na ce ta bar min, aikina ne.

Na shiga da jimlata a shirye. Na ja kujera, na kama hannunsa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe kafin ya gane ni, sannan ya ture abin iskar daga bakinsa.

“Sista. An buɗe?”

“An buɗe.”

Yana kallona yana jira. Ba kallon tuhuma ba ne, da shi ne da na iya faɗar ƙaryar. Kallon mutumin da ya san matarsa za ta faɗa masa ne. Na tuna cewa wannan amsar ba kyauta ya same ta ba. Ya ba da sunansa dominta, ya ba da ranar da ke kusa, ya ja wannan jikin watanni yana wahala don ya iso nan. In na miƙa masa wata amsa daban, na kwashe duk wannan ke nan na zubar, shi kuma ya yi min godiya a kai. Bakina ya ƙi.

“Babu, Malam,” na ce. “Ba sa bin haskenta.”

Ya rufe ido. Na ɗauka ya koma barci, ko abin da ya fi barci, har na kai yatsa wuyan hannunsa. Sai ya tambaya ko da sabon awon aka yi. Na ce da shi. Ya gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ta sake, irin sakewar da na yi zaton ƙarya kaɗai ke kawowa.

“To, mun sani,” in ji shi.

A nan ne kuka ya ƙwace min, ni da ban yi ba a gaban likita, ban yi ba a kicin. Na yi shi da sauti, babu kyan gani. Ya matsa hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce shi ya kamata ya yi kuka, ga shi ni na riga shi. Na ce masa ai ba shi kaɗai ya yi shekarun nan ba. Ni na kwana da yara su kaɗai, ni na je bukukuwa ina ba da haƙuri, ni na yi ta tambayar lafiyar ɗigo. Na ce shekaruna ne ni ma, kuma na so su ƙare da “e”.

“Na sani,” ya ce. Ya ja numfashi sau biyu kafin ya ƙarasa. “Shi ya sa ban yarda a biya ki da jabu ba.”

Na mayar masa da abin iskar, na goge fuskata da gefen bargonsa. Ya yi nuni da ido wajen ƙofa, na gane. Na fita na ɗago Auta daga ƙasa, na ce ta wanke fuska ta ɗauko kwamfutarta, ubanta yana so ya ji da lambobi.